RUWA A CIKI: DON ME LIKITA KE AIKA SHI ƊAKIN GWAJI?

Jama'a, akwai wani ciwo wanda da wuya a sami garin da ba a taɓa ganinsa ba. Mutum yana zaune lafiya, sai ya ji wandonsa ya fara matse shi a ƙugu. Bayan 'yan makonni ciki ya yi tulu, cibiya ta turo waje, ƙafafu sun kumbura, amma wuya da damatsa sai ramewa suke yi. In ya ci loma biyu sai ya ji ya ƙoshi. In ya kwanta, numfashi ya yi masa wuya.

Daga nan sai magana ta yi yawa a gida. Wannan ya ce sammu ne, wancan ya ce an ba shi wani abu ya ci. In mace ce, sai a ce kwantaccen ciki ne. A kai shi nan, a kai shi can, a sayar da akuya, a sayar da hatsi, ciki kuwa sai ƙaruwa yake yi.

To, sau da yawa abin da ya cika cikin nan ruwa ne. Ba ruwan da mutum ya sha ba ne, kuma ba a cikin tumbi ko hanji yake ba. Ya taru ne a sararin da ke tsakanin kayan ciki da bangon ciki. Ruwan nan kuwa ba shi ne ainihin ciwon ba, alama ce kawai, kamar yadda hayaƙi yake alamar wuta. Wanda ya kori hayaƙi ya bar wuta bai yi kome ba. Aikin ɗakin gwaji na asibiti shi ne ya gano inda wutar take.

MASU CIWO UKU, CIKI IRI ƊAYA

A ce yau ga mutum uku zaune a kan benci ɗaya a asibiti. Na farko manomi ne mai shekara arba'in da wani abu. Na biyu yarinya ce mai jego, wata biyu da haihuwa. Na uku saurayi ne wanda ya daɗe yana zazzaɓin dare da gumi da rama. Duk su ukun cikinsu ya cika da ruwa. Wanda ya dube su da ido zai ce ciwonsu ɗaya ne, maganinsu ma ɗaya.

Ba haka ba ne. Bayan an auna, sai a tarar manomin hantarsa ce ta lalace. Mai jego zuciyarta ce ta gaji. Saurayin kuwa ƙwayar tarin fuka ce ta shiga tantanin cikinsa. In aka ba saurayin maganin manomi, tarin fuka zai ci gaba da cinsa har ya kashe shi, alhali kuwa ciwonsa mai warkewa ne sarai. In aka ba manomi maganin saurayi, an ƙara wa hantarsa wahala ke nan, gama maganin tarin fuka yana da nauyi ga hanta. Kun ga dalilin da ya sa likita ba ya son ya yi magani da ka.

INA RUWAN KE FITOWA?

Manyan wuraren da ruwan nan ke tasowa guda biyar ne.

Na ɗaya, hanta. Ita ce ta fi kawo shi. Duk jinin da ya fito daga hanji sai ya bi ta cikin hanta kafin ya koma zuciya. In ciwo ya daɗe yana cin hanta, sai ta yi tabo, ta ƙanƙance, ta yi tauri. Jini ya rasa hanya, ya taru a baya kamar rafin da aka datse, sa'an nan ruwansa ya riƙa tsattsafowa ta jikin jijiyoyi kamar yadda sabuwar randa ke yi. A ƙasarmu babban mai ɓata hanta shi ne ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Binciken da Gwamnatin Tarayya ta yi a 2018 ya nuna mutum 8 cikin kowane 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita, yawancinsu kuwa ba su sani ba. Akwai kuma nau'in C, da shan giya ko burukutu, da wata irin tsargiya da ke zuba ƙwayayenta a hanta.

Na biyu, zuciya. In ta gaji ba ta iya tura jini yadda ya kamata, sai ruwa ya taru a ƙafafu da huhu da ciki.

Na uku, ƙoda. In ta zama kamar yagaggiyar rariya, sai abin gina jiki da ke riƙe ruwa a cikin jini ya riƙa zubewa ta fitsari. Irin wannan mai ciwo fuskarsa kan kumbura da safe, fitsarinsa kuma ya yi kumfa.

Na huɗu, tarin fuka. Mutane suna zaton huhu kaɗai yake kamawa. A'a, yana kama tantanin da ya lulluɓe kayan ciki, wani lokaci ma ba tare da mutum ya yi tari ko sau ɗaya ba.

Na biyar, ciwon daji, na hanta, ko na tumbi, ko na hanji, ko na ma'ajin ƙwan mace.

ABIN DA AKA KOYA A TUDUN WADA

Mutanen ƙasar Zazzau sun san tsohon asibitin gwamnati na Tudun Wada. A 1967, sa'ad da Jami'ar Ahmadu Bello ta fara koyar da likitoci, asibitin nan ya zama ɗaya daga cikin wuraren koyarwarta, har zuwa 2005 da aka koma sabon gini a Shika, kan hanyar Funtuwa.

A nan Zariya ne, tsakanin 1969 da 1972, wasu likitoci biyu, Farfesa Eldryd Parry da Dokta Neil Davidson, suka bi diddigin mata 224 waɗanda suka zo da kumburi da haki bayan haihuwa. Suka tabbatar zuciya ce ke gajiya. Suka lura yawancin matan suna shan kunun kanwa da yawa, suna wankan jego da tafasasshen ruwa, suna kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Binciken da likitocin zuciya suka yi daga baya, musamman a Kano, ya nuna ciwon yana kama har matan da ba su yi waɗannan al'adu ba, watau akwai wasu dalilai kuma. Amma abu ɗaya bai sake ba: kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, kuma mai kumburi ba ta da abokiyar gaba kamarta.

Abin lura a nan shi ne, da yawa daga cikin matan da suka zo da wuri aka ba su maganin zuciya sun sami sauƙi, sun koma gidajensu. Ba a gane ciwonsu ba sai da aka duba, aka auna.

YADDA AKE ƊIBAN RUWAN

Da farko likita zai tambayi labarin ciwon. Yaushe ya fara? An taɓa yin shawara, watau ido ya yi rawaya? An taɓa aman jini? Akwai mai tari a gida? Waɗanne magunguna aka sha? Ku faɗi gaskiya duka, har da saiwoyi da jiƙe-jiƙen da aka sha, har da giya in ana sha. Likita ba alƙali ba ne, kuma ba zai kai maganarku waje ba.

Sa'an nan zai kwantar da mai ciwo ya ƙwanƙwasa cikin da yatsa, kamar yadda mace ke ƙwanƙwasa tukunya a kasuwa. Inda iska take amo daban, inda ruwa yake amo daban. Wannan ya zama dole domin ba kowane babban ciki ne ruwa ba. Akwai na iska, akwai na ƙari, akwai na saifa, akwai juna biyu. Hannun likita ba ya cika gane ruwa sai ya kai wajen lita ɗaya da rabi, amma na'urar hoton ciki tana ganinsa tun bai cika kofin shayi ba. Ita kuma za ta nuna girman hanta da saifa da ƙoda.

In an tabbata ruwa ne, sai a ɗebi kaɗan. Mai ciwo zai fara yin fitsari, ya kwanta rigingine. A wanke fatar gefen mara da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a yi 'yar allurar kashe zafi, sa'an nan a sa siririyar allura a zuƙi abin da bai wuce cokalin shayi huɗu zuwa goma ba. Aikin ba ya wuce 'yan mintoci. Ba a sa mutum barci, ba a yanka shi, ba sai ya ƙi cin abinci ba. Wani lokaci ɗan ruwa kan ɗiga daga wurin na kwana ɗaya ko biyu. In ya ƙi tsayawa, ko wurin ya yi ja, a koma a nuna.

Wani dattijo zai ce, "Likita, ranka ya daɗe, mu mun ji an ce in aka huda ciki mutum ba ya tashi." Amsa ita ce, "Baba, ba allurar ke kashewa ba, jinkiri ne. Yawancin waɗanda ka ji labarinsu ba a kawo su ba sai da ciwo ya gama cinye su, sai aka ɗora wa allura laifi."

Amma ku kiyaye wannan ƙwarai. Kada ku yarda wanzami ko wani mai allura a gida ya yi wa cikin nan sakiya, ko tsaga, ko ƙaho. Ƙarfen da ba a dafa ba yana shigar da ƙwayoyin cuta cikin ruwan, yana kuma iya huda hanji. Mutum na iya mutuwa cikin kwana biyu ta wannan hanya.

ABIN DA AKE DUBAWA A ƊAKIN GWAJI

Ana zuba ruwan a ƙananan kwalabe, a rubuta sunan mai ciwo, a kai ɗakin gwaji nan da nan. Ga abin da ma'aikatan wurin ke yi da shi.

Na farko, su dubi launinsa. Mai haske, ruwan ɗorawa-ɗorawa kamar fitsari, shi aka fi gani a ciwon hanta da na zuciya. Mai gurɓata kamar ruwan tsari yana nuna ƙwayoyin cuta sun shiga. Mai jini yana sa a yi tunanin ciwon daji, ko tarin fuka. Akwai kuma fari kamar madara, wanda ke nuna hanyar da maiƙo ke bi daga hanji ta toshe ko ta fashe. Amma launi kaɗai ba ya yanke hukunci.

Na biyu, su ɗiga shi a ƙarƙashin madubin likita su ƙirga fararen ƙwayoyin jini, watau dakarun jiki. Wannan shi ne gwajin gaggawa, sakamakonsa kan fito a ranar. Akwai wani irin dakaru masu saurin fita yaƙi. In an sami 250 ko fiye a cikin ɗigon da bai kai kan allura ba, to, ruwan ya harbu da cuta, kuma dole a fara allurar kashe ƙwayoyin cuta a ranar, ba sai gobe ba. Masu ciwon hanta sun fi shiga wannan hatsari, wani lokaci ba zazzaɓi ba ciwon ciki. In kuwa wani irin dakarun ne suka fi yawa, waɗanda ke daɗewa a fagen fama, sai a fi zargin tarin fuka.

Na uku, su auna albumin. Albumin wani abin gina jiki ne mai kama da farin ƙwai. Hanta ke yin sa, shi ke riƙe ruwa a cikin jijiyoyi. Ana auna shi a jini, a auna shi a ruwan ciki, duk a rana ɗaya, sa'an nan a debe na ruwa daga na jini. Ga misali. In na jini ya nuna 3.0, na ruwa ya nuna 1.0, saura 2.0 ke nan. In saura ya kai 1.1 ko ya fi, to, jini ne ya datse a ƙofar hanta, sai a nemi dalili a hanta ko a zuciya. In bai kai 1.1 ba, sai a nemi tarin fuka, ko ciwon daji, ko ciwon ƙoda. Wani likitan Amurka, Bruce Runyon, da abokan aikinsa sun nuna a 1992 cewa wannan ɗan lissafi yana faɗin daidai kusan sau 97 cikin 100. Shi ya sa ake ɗiban jini tare da ruwan. Kada ku ce an cika ɗibar muku jini, ɗaya ba ya aiki sai da ɗaya.

Bayan haka ana auna jimlar abin gina jiki da ke cikin ruwan. Na mai ciwon hanta yakan zama tsinkakke, na mai ciwon zuciya yakan fi kauri. Da haka ake raba manomin nan da mai jego.

Na huɗu, su shuka ruwan. Ana zuba shi a kwalba mai abincin da ƙwayoyin cuta ke so, a ajiye a wuri mai ɗumi a ga abin da zai tsiro, da maganin da zai kashe shi. Yawancin ƙwayoyi kan fito cikin kwana biyu zuwa biyar. Ta tarin fuka kuwa mai nawa ce, tana iya kai mako shida ko takwas.

Ƙwayar tarin fuka tana da wuyar kamawa a ruwan ciki, gama ba ta da yawa a cikinsa. Ko na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, takan rasa ta a ruwan ciki alhali tana nan. Saboda haka in takarda ta ce ba a gani ba, ba a ce babu ba ke nan. Likita zai haɗa da hoton ƙirji, da gwajin majina, da gwajin ƙanjamau, wani lokaci har a tsinko ɗan tantanin ciki a duba.

Na biyar, su nemi ƙwayoyin ciwon daji. Wannan yana son ruwa da ɗan yawa. Ana juya shi a na'ura har gindinsa ya kwanta, a shafa a gilashi, a rina, sa'an nan gwani ya duba. Ba kullum ake dacewa a karon farko ba, har akan sake ɗiba sau biyu ko uku.

Ban da waɗannan, za a auna jini don neman ciwon hanta nau'in B da C, da ganin ƙarfin hanta da ƙoda. Za a auna fitsari a ga ko albumin na zuba. Za a duba bayan gida a nemi ƙwayayen tsargiya. In ana zargin zuciya, a ɗauki hotonta.

BAYAN SAKAMAKO YA FITO

Mai tarin fuka zai sha magani wata shida, kyauta ne a asibitocin gwamnati, har da cibiyar tarin fuka da kuturta da ke Saye kusa da Zariya. In ya sha bai tsallake ba, ruwan zai janye, ya warke.

Mai ciwon zuciya za a ba ta maganin ƙarfafa zuciya da na fitar da ruwa, ta bar kanwa, ta huta. Kada ta sake ɗaukar ciki sai ta yi shawara da likita.

Mai ciwon hanta, gaskiya ita ce tabon da ya daɗe ba ya gogewa duka. Amma akwai ƙwayar da ake sha kullum wadda ke danne nau'in B, ta hana shi ƙara ɓarna. Nau'in C kuwa yanzu ana warkar da shi da ƙwayoyi cikin mako goma sha biyu. Da rage gishiri da maganin fitsari, mutum na iya komawa sana'arsa.

In ruwa ya yi yawa har ya hana numfashi, akan zuƙe lita da dama don mai ciwo ya sami sararawa. Mutane kan ce ai in aka zuƙe sai ya dawo. Gaskiya ne yana dawowa, amma ba zuƙewar ke dawo da shi ba. Rijiya ce, muddin idonta na nan, kome kwarfarka za ta sake kawowa. Toshe idon shi ne maganin ainihin ciwon.

In kuwa aka tarar ciwon daji ne, sanin ma yana da amfani. Wani ana iya yi masa aiki ko magani. Wanda ya wuce haka, a rage masa zafi, iyali kuma su daina zubar da dukiyarsu wajen masu alkawarin ƙarya.

ABUBUWAN TUNAWA

1. Duk wanda cikinsa ke girma ba dalili, namiji ko mace, babba ko yaro, a kai shi asibiti tun ciki bai yi tulu ba. In asibitin ƙauye ba shi da kayan gwaji, ku nemi takardar zuwa babban asibiti, kamar na Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ko asibitin koyarwa na Shika.

2. Kada a kwana da mai ruwa a ciki in ya yi zazzaɓi, ko ciwon ciki, ko aman jini, ko baƙin bayan gida kamar kwalta, ko fitsarinsa ya ragu, ko ya fara ruɗewa da yawan barcin rana. A tafi nan take.

3. Ku tafi da kwalayen magungunan da ya sha duka, da tsofaffin takardun asibiti.

4. Ku koma ku karɓi sakamako ranar da aka ce. Gwajin da aka biya kuɗinsa aka bar takardarsa a asibiti hasara ce biyu.

5. Uwargida, ki rage gishiri, da dunƙulen miya, da kanwa a abincin mai kumburi. Gishirin da zai ci a yini duka kada ya wuce cokalin shayi ɗaya.

6. Kada ya sha maganin ciwon jiki na kemis irin su diclofenac da ibuprofen, suna kashe masa ƙoda. Kada ya sha giya, kada ya sha jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba.

7. In an sami nau'in B a jikin mutum ɗaya, matansa da 'ya'yansa da 'yan'uwansa su je a auna su. Wanda ba shi da ita a yi masa rigakafi.

8. Kowane jariri a yi masa allurar rigakafin ciwon hanta cikin awa 24 da haihuwa, sa'an nan a mako 6, da 10, da 14. Tun 2004 allurar nan ta shiga cikin rigakafin yara na ƙasar nan, kuma kyauta ce.

9. Kowa ya riƙe rezarsa da askarsa. Wanzami da mai yankan farce su sa sabuwar reza ga kowane mutum.

10. Gyada da masara su bushe sarai kafin a zuba a rumbu. Wadda ta yi funfuna a zubar, gubarta na ɓata hanta.

Maigida, wanda ya iya karatu a gidanka ya karanta wa sauran wannan takarda, sa'an nan a miƙa wa maƙwabta. Rashin sani ya fi dare duhu. Allah Ya ba mu lafiya, amin.